Saje Ya Yi Ritaya, Ƙaiƙayinsa Bai Yi Ba

Wata Asabar uwargida ta ce za ta yi wa ɗakina kwalema. Na ce Allah ya ba da lada, na ɗauki hulata na tafi majalisa. Da na dawo bayan la'asar sai na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera wasu 'yan kaya sahu-sahu kamar kurata a filin fareti. Kirim ne na maganin ƙaiƙayi. Ta tsinto su daga ƙarƙashin katifa, da cikin akwatin ƙarfe, da aljihun tsohuwar rigar sanyi, da bayan rediyo, har da cikin jakar da nake adana takardun fansho. Guda goma sha tara.

Ta ce, "Maigida, zo ka duba dakarunka."

Na duba. Babu ko ɗaya da aka matse ya kai rabi. Wasu sun bushe sun yi tauri, wasu wa'adinsu ya ƙare tun kafin a haifi jikana na fari. Na yi gyaran murya irin ta manyan hafsoshi, na ce ai ajiya maganin wata rana. Ba ta ce komai ba. Kallon da ta yi mini ya ishe ni.

To, tunda asiri ya tonu a gida, gara in tona shi da kaina a waje kafin wani ya riga ni. Aibina shi ne ba na iya ƙarasa magani. Ni da aka horar a Depot na Zariya, ni da na iya tsayuwa cikin rana har inuwa ta juya ban motsa ba, ni da nake goge takalmi da tsumma da yawu har samanja ya ga gashin bakinsa a ciki, ni da nake kwance bindiga in ɗaura ta cikin duhu, an ce in shafa mai sau biyu a rana na mako huɗu, abin ya gagare ni shekara talatin da 'yan kai.

A Laberiya na samo abokin zaman nawa. Dakarun ECOMOG na farko sun sauka Monrobiya a watan Agustan 1990, mu kuma muna cikin waɗanda aka tura daga baya. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai san ruwan sama ba sai ya je can. Monrobiya na samun ruwa fiye da milimita 4,000 a shekara, wato ninki huɗu ko fiye na abin da Kano ke samu. A wurinmu hadari yakan haɗu, a yi ruwa, gari ya waye. A can sama tana buɗe baki ne ta manta ba ta rufe ba. Safa biyu gare ni, ɗaya a ƙafa tana jiƙe, ɗaya a rataye tana jiran ta bushe, kuma ban taɓa ganin ranar da ta cika alkawari ba. A bakin daga kuwa ba a cire takalmi don jin daɗi. Mukan kwana uku, huɗu, ƙafa tana cikin but, tana dahuwa a ruwa da gumi.

Ranar da na samu sarari na cire, sai na ga tsakanin yatsuna ya yi fari fat, ya yi laushi kamar gurasar da ta sha ruwa, yana saɓulewa. Warin kuma, Allah dai ya jiƙan waɗanda muka kwana tanti ɗaya da su, da na raye da na mace. Na ce a raina, ai cin ruwa ne, wane ɗan ƙauye ne bai san shi ba? Duk wanda ya yi noman fadama da damina ya san shi, kuma da kaka ta shigo, iska ta buso, yakan tafi abinsa. Nawa dai har yau kakarsa ba ta yi ba.

Ba ni ne farau ba. Lokacin da muke yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je yaƙin Boma, cikin sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da Turawan Ingila suka kai dazuzzukan can a Yaƙin Duniya na Biyu. Kullum za ka gan shi a ƙofar gida ya miƙe ƙafa yana sosa tsakanin yatsu da tsinke, mu kuma muna leƙe muna dariya. Alhaki kwikwiyo ne. Su ma sojojin Amurka da suka yi yaƙi a Biyetnam, duk da kuɗinsu da likitocinsu, cututtukan fata na cikin manyan abubuwan da suka fi kai su asibiti, musamman waɗanda suka yi ta kutsawa cikin ruwan gonakin shinkafa na yankin kogin Mekong. Duk inda aka haɗa soja da zafi da laima da rufaffen takalmi, an ɗaura auren ke nan. Bambancin kawai, wasu sukan rabu da amaryar in sun dawo gida, ni kuwa na gina mata ɗaki.

Ga yadda nake yi, kuma tsarin bai taɓa canzawa ba. Ƙaiƙayi zai taso, yawanci da bazara ko farkon damina. In daure mako biyu ina cewa zai wuce. In ya hana ni barci sai in tafi kemis. Ranar farko in shafa da bismilla, safe da dare, har da wanke hannu. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ƙaiƙayi ya ragu. Rana ta huɗu ya yi tsit. Rana ta biyar sai in dubi ƙafata, in dubi kirim ɗin, in ce alhamdu lillahi abokan gaba sun gudu, in rufe shi in cusa ƙarƙashin katifa. Bayan wata biyu su dawo da ƙarin dakaru.

Mu da muka yi Laberiya mun san yadda yarjejeniyar zaman lafiya take. An sa hannu a Kwatano a 1993, an sa a Akosombo a 1994, an sa a Abuja a 1995, an sake komawa Abuja a 1996. Kowane karo sai a yi musabaha, bindiga ta yi shiru, mu fara lissafin ranar komawa gida, can sai ka ji ta sake tashi, domin ba a karɓe makamai ba. Na sha zama a majalisa ina yi wa matasa wannan darasi, ina kaɗa yatsa, ina cewa shirun bindiga daban, ƙarewar yaƙi daban. Ina faɗa ina sosa ƙafa da ɗaya ƙafar. Yarjejeniyar da na sa wa hannu tsakanina da ƙaiƙayi ta fi ta Laberiya yawa, kuma ni kaɗai nake mutunta ta.

Kada a ɗauka kirim kaɗai na gwada. Bariki makaranta ce ta likitocin da ba su da takarda. Wani kofur ya rantse mini cewa man birki shi ne sarkin magani. Na shafa. Na yi rawar da ban yi ba ranar aurena. Wani direban motar soja ya ce ruwan batir, ɗigo biyu kacal. Wannan kam Allah ya tsare ni na tsaya a ɗigo ɗaya, kuma tabon yana nan yana gaishe ku. Na daka tafarnuwa na ɗaura ta kwana, da safe fata ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Na jiƙa ƙafa a ruwan gishiri, na jiƙa a ruwan darbejiya, na shafa kananzir, na shafa toka. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, duk maganin da ke ƙuna ina girmama shi. In ya yi zafi sai in ce yana aiki. Wanda ba ya zafi, wanda haƙuri kawai yake nema, shi ne na raina.

Sai kuma na gamu da masoyina na gaskiya, kirim ɗin nan da masu kemis ke kira mai aiki uku. Yaron kemis ya miƙo mini shi yana cewa, "Baba, wannan in ka shafa da dare, da safe ka manta." Bai yi ƙarya ba. Da safe na manta. Na yi shekaru ina yabonsa, ina tallarsa kyauta ga duk tsohon sojan da na ga yana mutsu-mutsu. Sai daga baya na san abin da ke ciki. Irin waɗannan mayuka sukan haɗa maganin ƙwayar cin ruwa, da maganin bakteriya, da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitirod, kamar kilobetasol ko betametason. Shi sitirod ba ya kashe komai. Aikinsa ya kwantar da ja da kumburi da ƙaiƙayi, wato ya sa masu gadin fata su yi barci. Kai kana murna an samu lafiya, ƙwayar kuma tana cin karenta babu babbaka. Zoben nan na makero mai kaifin baki yakan ɓace, ciwon ya bazu ya sauya kama, har likita ma ya sha wuya kafin ya gane shi. Fata kuma ta yi siriri, ta yi nankarwa, ta yi haske.

Hasken nan na gan shi da idona. Irin sinadarin da wasu mata ke shafawa don su yi fari ne. Wata rana ina wanka na duba sai na ga cinyoyina sun fi fuskata fari nesa ba kusa ba. Tsohon saje, baƙi wuluk daga wuya zuwa sama, daga ƙugu zuwa gwiwa kuwa amarya.

Na ambaci cinya, to bari in ƙarasa faɗin gaskiya. Abin bai tsaya a ƙafa ba. Ya hau sama ya kafa sansani a matsematsi, inda namiji mai mutunci ba ya kai hannu a bainar jama'a. Nan na ƙware a wata sana'a da ba a koyarwa a Depot: susa a ɓoye. Na iya sa hannu a aljihu kamar mai laluben canji. Na iya gyara zama a kan benci sau bakwai kamar mai neman inda ba ƙusa. Na iya tafiya ina haɗa gwiwa kamar mai bin waƙar da shi kaɗai ke ji. Babbar riga ta yi mini rana, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro ta. Wurin ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'a, kowa ya ɗaga hannu biyu, ni ɗaya nake ɗagawa.

Ranar da na gane ba ni kaɗai ba ne, a layin tantance 'yan fansho ne. Muna tsaye cikin rana, tsofaffin kuraye, kowa da fayil a hammata. Na waiga sai na ga na gabana yana laluben canji, na bayana yana goga dunduniya a ƙaurinsa, na gefe yana gyara tsayuwa. Muka haɗa ido da wani da muka yi Saliyo tare a 1998. Ya san na gani, na san ya gani. Muka yi hirar harsashin da ya wuce ta kunnensa, da hawan jini, da tsadar masara. Ba wanda ya ce uffan game da abin da ke cin mu a daidai wannan lokacin. Tsohon soja zai nuna maka tabon harsashi tun kafin ka tambaya, amma ƙaiƙayin matsematsi sai dai a binne shi da shi.

Abin da ya kai ni asibiti ba hankali ba ne. Wata damina ce tsakanin yatsuna ya tsage, na share kamar yadda na saba. Bayan kwana uku ƙafar ta kumbura har ƙauri, ta yi ja, ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu, zazzaɓi ya rufe ni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta wannan 'yar tsaga bakteriya suka shige cikin naman ƙafa. 'Yata ta zo, ta duba, ba ta nemi shawarata ba ta kira mai Keke Napep.

Aka yi mini maganin kumburin, ya sauka. Sannan aka tura ni wurin likitar fata. Ina shiga na ga yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Na gaishe ta da muryar fareti.

Ta ce, "Baba, ina ne yake maka ƙaiƙayi?"

Na ce, "Ƙafa ce, 'yata."

"Ƙafa kaɗai?"

Na dubi silin, na dubi kalandar bango. Sai na ji muryar uwargida daga bakin ƙofa: "Likita, har sama."

Na so ƙasa ta tsage. Likitar ko murmushi ba ta yi ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta kira wani abokin aikinta namiji ya duba ni a bayan labule. Abin da na yi shekaru ina gudu bai ɗauki minti biyu ba. Suka kankare ɗan ɓawon fata daga bakin ciwon, suka yanki ɗan farce, aka kai ɗakin gwaji. Ta ce dole a duba da madubin likita, domin akwai cututtukan da ke kama da wannan, irin su kirci da wani ciwon matsematsi da bakteriya ke kawowa, kuma maganinsu daban ne. Ta kuma sa a auna mini sukari, saboda masu ciwon sukari sun fi fama da irin wannan ciwo, kuma a wurinsu tsagar ƙafa ba abin wasa ba ce. Wallahi har na ɗan sa rai, ko na samu wanda zan ɗora wa laifi. Sakamako ya fito, sukarina lafiya lau. Laifi ya dawo gida wurin mai shi.

Da na koma, ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da na so a ce na ji shi tun a 1990. Ƙwayar dangin fumfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan abincinta wani sinadari ne mai suna keratin, wanda ke cikin matacciyar fatar sama da farce da gashi. Zafi take so da laima da duhu. Cin ruwa, da makero, da ƙaiƙayin matsematsi, da ruɓewar farce, duk 'yan gida ɗaya ne, wuri ne kawai ya raba sunansu. Ƙaiƙayin da nake ji faɗan da jikina ke yi da ita ne. In magani ya rage yawanta sai faɗan ya lafa, alhali zarenta na nan shimfiɗe cikin fata. Fatar sama kuwa takan ɗauki kusan mako huɗu kafin ta sabunta. Shi ya sa kirim irin kilotirimazol ake shafa shi kusan mako huɗu, tarbinafin kuma mako ɗaya zuwa biyu in tsakanin yatsu ne, kuma a shafa har a zarce bakin ciwon da faɗin yatsa biyu. Sau da yawa akan ce a ƙara mako ɗaya ko biyu bayan fata ta yi kyau.

Na ce, "Ni a kwana huɗu nake sallamarsa."

Ta ce, "Baba, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Sau nawa?"

Uwargida ta ce, "Goma sha tara, ban da waɗanda suka ɓata."

Sai likita ta ce in miƙo ƙafa. Ta nuna faratana, waɗanda suka yi kauri, suka yi rawaya, suna marmashewa kamar tsohon katako da gara ta ci. Ni da nake kiransu farcen soja, nake yanke su da reza ina alfahari. Ta ce nan ne babbar barikin abokan gaba. Ko na wanke fata tas da kirim, daga cikin farce za su sake fitowa, kuma kirim ba ya ratsa farce. Sai ƙwayar haɗiya: tarbinafin miligiram 250 kullum har mako 12, bayan an gwada lafiyar hanta, kuma an duba sauran magungunan da nake sha. Ta ja kunnena kada in kuskura in saya da kaina in ba wani. Ta ce ko an gama shan maganin, farcen ƙafa ba ya wuce tsiron milimita ɗaya da rabi ko kusa da haka a wata, don haka sai an yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin sabo ya kori tsoho. Kuma ko an warke yana iya dawowa in aka koma gidan jiya.

Game da masoyina mai aiki uku, ta ba ni labarin Indiya. A can an daɗe ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, mutane na shafawa suna bari, suna sake shafawa, har aka samu wani nau'in ƙwayar makero da sau da yawa ba ya jin tarbinafin. A 2020 masana suka raɗa masa suna da sunan ƙasar, kuma zuwa 2023 an ba da rahoton ganinsa a Amurka. Na yi shiru. Ashe abin da nake yi a ɗakina, in mutum miliyan suka yi shi, horar da abokan gaba ne kyauta.

Ta rubuto mini dokoki kamar na bariki. Bayan wanka da bayan kowace alwala in tsane tsakanin yatsu kafin in sa safa, ni da na saba zura jiƙaƙƙiyar ƙafa in wuce. Tawul na ƙafa daban, na jiki daban, kuma ba aro. In sa safa kafin gajeren wando, don kada wandon ya kwaso ƙwaya daga ƙafa ya hau da ita sama, kuma nan na gane motar da ta kai ta can. Safa da tawul a wanke da ruwan zafi sosai, a shanya a rana. Kada in sa takalmi ɗaya kwana biyu a jere. In ina gida in sa buɗaɗɗen takalmi, banɗaki kuma da silifa. In sayi abin yankan farce nawa na kaina, in daina miƙa ƙafa ga mai yankan farcen da ke zagaya unguwa da almakashi ɗaya.

Sai ta juya ta tambayi uwargida ko ita ma tana ji. Nan dariya ta ƙare mini. Ashe baiwar Allah ta yi cin ruwa sau uku. Kowane karo takan yi magani har ƙarshe, ta warke, sannan ta sake ɗauka a daɓen banɗakin da muke shiga tare. Ba ta taɓa faɗa mini ba don kada in ji kunya. Ni ina ganin ciwona ne, jikina ne, ba ruwan kowa, ashe rabawa nake yi.

Saura maganar takalmi. Bayan ritaya aikin gadi nake yi, awa goma sha biyu a tsaye, kuma da but ɗina na ƙarshe na soja nake zuwa, wanda shumeka ya sake wa ƙasa sau huɗu. Likita ta ce ƙwayar na iya rayuwa watanni cikin ɓawon fatar da ya zube a takalmi, kuma wannan nawa ya wuce gyara. Na ce to. Uwargida ta jefa shi bola da yamma. Da asuba, kafin masu shara su zo, wani mutum da ba zan faɗi sunansa ba ya je ya ɗauko shi. Yana nan cikin buhu a saman sif. Ba na sa shi, sai dai duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, nakan sauko da shi in goge, in ajiye a gabana in yi shiru na ɗan lokaci. Akwai waɗanda muka tafi tare da irin wannan takalmi ba su dawo ba. Wannan kam ko likita ba ta da ƙwayarsa.

Kuna tsammanin bayan duk wannan na shiryu? Mako biyar na yi ina haɗiyar ƙwaya kamar mutumin kirki. Fata ta yi sumul, barci ya dawo, hannuna biyu suka koma ɗaguwa wurin addu'a. A mako na shida sai tsohon shaiɗanina ya raɗa mini cewa ai an gama, a bar sauran saboda gaba. Na tsallake kwana ɗaya, na tsallake biyu. A na uku uwargida ta shigo da katin maganin a hannu, ta ƙirga ramukan a gabana ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ta rataye kalanda a ƙofar ɗaki. Kullum bayan karin kumallo takan tsaya a kaina da kofin ruwa, in haɗiye, ta ce, "Buɗe baki," in buɗe, sannan ta ja layi. Haka muka cika mako goma sha biyu.

A cikin waɗannan makonni ne na gano abin da ya fi ƙaiƙayin ciwo. Horon da na yi shekaru ina taƙama da shi ashe na aro ne. Samanja ne ke riƙe da shi. A bariki akwai mai busa bigila ya tashe ka, akwai mai duba takalminka, akwai mai hukunta ka in ka yi sake. Na iya bin umarni, amma ban taɓa koyon ba kaina umarni in bi ba. Da aka karɓe kakin sai aka karɓe har da mai tsawar. Ga kuma abin da aikin ya dasa mana, cewa ciwon da bai kwantar da kai ba ba ciwo ba ne, kuma mai zuwa layin marasa lafiya saboda ƙaiƙayi rago ne. Ga rowa irin ta ɗan fansho: ina ajiye rabin kirim saboda ranar da ciwon zai dawo, alhali ajiyewar ce ke dawo da shi. In aka tara kuɗin guda goma sha taran nan, da na man birki, da na jinyar kumburin ƙafa, sun ninka kuɗin ganin likita ban san sau nawa ba.

Yanzu wata bakwai ke nan. Sabon farce ya kai kusan rabi, fari tas, yana tura tsohon gaba a hankali. Kullum da safe nakan duba shi kamar mai duba shukar gero. Ban ce na canza hali ba, don jiya ma sai da aka tuna mini da tawul. Samanja kawai na sake samu, kuma wannan ba ta zuwa hutu.

'Yan'uwana tsofaffin sojoji, da 'yan sanda, da masu gadi, da duk mai wuni cikin rufaffen takalmi: na gan ku a layi, kun gan ni. Ku je a duba ku, a kankare a gwada, ku nuna har inda ba kwa son nunawa. Ku bar man birki a mota, ku bar ruwan batir a batir, ku karanta abin da ke jikin kirim kafin ku shafa, ko ku tambayi mai ilimin magani ko akwai sitirod a ciki. Ku nuna wa likita faratanku. In an ce mako huɗu, a yi huɗu, in an ce goma sha biyu, a yi goma sha biyu, ko da ƙaiƙayi ya yi shiru tun ranar huɗu. Wanda kuma ya san halinsa irin nawa ne, ya miƙa wa uwargida katin maganin da kalanda tun ranar farko.